Tambaya da Amsa: Makaranta na kusa da gida, amma yaro na awa guda a bas

Yawancin wasiƙun wannan karon daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne: ƙananan yara da motar makaranta ke ɗauka tun da duhu-duhu, ta dawo da su a galabaice. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su. Da mil ake auna nisa a can, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida. Daga tagar ɗakinmu ana hango wata firamare, tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Na je sa 'yata mai shekara shida aka ce mu ba 'yan can ba ne, tamu makarantar tana da nisan mil bakwai. Gari ɗaya muke, lambar gidan wayarmu ɗaya. Me ya kawo haka?
Wata uwa, jihar Ohio

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A gida mun saba uba ya riƙo hannun ɗansa ya kai shi firamaren da ta yi masa, ya ga hedimasta, magana ta ƙare. A Amurka adireshi ne ke zaɓar wa yaro makarantar gwamnati, kuma iyaka biyu ce ke aiki, ƙarama a cikin babba.

Babbar ita ce iyakar gundumar makarantu, abin da suke kira distirik. Akwai kimanin 13,000 a faɗin ƙasar. Kowace tana da hukumarta, wadda a yawancin wurare zaɓenta ake yi, da kasafin kuɗinta, da tsarin motocinta. Kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati daga cikin yankin yake fitowa, mafi yawansa harajin gidaje da filaye ne. Shi ya sa gunduma ke tsaron iyakarta: ba ta son ɗaukar nauyin yaron da harajin gidansu ke tafiya wata gunduma.

Abin da ke rikita baƙo shi ne wannan iyaka ba lallai ta bi iyakar gari ba, balle lambar gidan waya, wadda don raba wasiƙu kawai aka yi ta. A jiharku, akwai unguwanni masu yawa da ke cikin birnin Columbus amma 'ya'yansu na ƙarƙashin gundumar Westerville, ko Hilliard, ko Worthington, ko South-Western. Birnin ya yi ta haɗiye filayen kewayensa, iyakar makarantu ba ta bi shi ko'ina ba, har sai da gundumomin suka ƙulla yarjejeniya a 1986. Haka yake a Houston, inda mai adireshin birnin zai iya faɗawa Alief, ko Katy, ko Fort Bend. A Maryland da Florida abin ya fi sauƙi domin gunduma na bin iyakar kawunti, wato yanki mai kama da ƙaramar hukuma, Hawaii kuwa gunduma ɗaya ce tal.

Faɗin gundumomin ma yana da tarihi. Kafin 1940 sun haura 100,000, ƙanana ƙanana, da yawa aji ɗaya ne a ƙauye. Aka yi ta haɗe su ana rufe ƙananan makarantu, bas ta maye gurbin tafiyar ƙafa. A 1974 kuma, a shari'ar birnin Detroit, Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta jigilar yara ƙetaren iyakar gunduma don gyara wariyar launin fata ba, sai in an tabbatar da hannun gundumomin kewaye a ciki. Wannan hukunci ya ƙara wa iyakokin ƙarfi.

Ƙaramar iyakar ita ce shiyyar kowace makaranta a cikin gunduma, wato zon. Hukuma ce ke zana ta bisa yawan kujeru, ba bisa kusanci kaɗai ba. In makarantar da ke bayan gidanki ta cika, sai a yanke layin a kan titinku a tura ku wadda ke da gurbi.

Don haka fara gano wace iyaka ce ta raba ki da makarantar. Shafin kowace gunduma yana da wurin da ake rubuta adireshi ya nuna makarantar da aka ware wa gidan, kuma a Ohio shafin ofishin oditan kawunti yana nuna gundumar da kowane gida ke biya wa haraji. In makarantun biyu gunduma ɗaya suke, nemi fom na canjin makaranta a cikin gunduma, ki rubuta dalilin kusanci. Ana bayarwa in akwai gurbi a ajin. In gundumomi daban ne, sai tsarin buɗaɗɗen rajista. Minnesota ce ta fara shi a 1988, kuma a can ranar 15 ga Janairu ake rufe karɓar takardar shekara mai zuwa. A Ohio kowace gunduma ce ke yanke wa kanta ko za ta karɓi na waje, kuma da yawa daga na kewayen Columbus ba sa karɓa. Ko an karɓa, yawanci mota ba za ta zo ƙofarki ba. Ke da tafiyar minti biyar ce a ƙafa, wannan ba zai dame ki ba.

Ga masu shirin canza gida: ku duba adireshin da kanku kafin ku sa hannu a takardar haya. Dillali kan faɗi sunan makaranta mafi kusa, ba wadda aka ware wa gidan ba.

Tambaya: Ɗana shekararsa biyar. Bas na ɗaukarsa ƙarfe 6:20 na safe, ya isa makaranta 7:30. Da motata minti goma sha biyar ne. Shin doka ta yarda da wannan? In ba ta hana ba, me zan yi?
Wani uba, North Carolina

Amsa: Malam, minti 70 sau biyu a rana, a shekarar karatu mai kwana 180, awa 420 ke nan a kan kujerar bas. A ganinmu wannan ya yi wa ɗan shekara biyar yawa, ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba.

Babu dokar tarayya da ta ƙayyade wa makarantun gwamnati tsawon zaman yaro a bas. Abin da jihohi suka fi rubutawa shi ne nisan da ke wajabta ba yaro mota. A jiharka mil ɗaya da rabi ne. A Ohio mil biyu ne ga 'yan kindagatin, wato ajin share fagen firamare, zuwa aji takwas. A Texas jiha na biyan kuɗin jigilar wanda ya kai mil biyu, ko wanda hanyarsa ta ƙafa ke da haɗari. Ta hanyar da ake bi ake aunawa, ba miƙaƙƙen layi a taswira ba. Lokaci kuwa jihohi da yawa sun bar wa gunduma. West Virginia na cikin waɗanda suka rubuta ma'auni: minti 30 ga 'yan firamare, 45 ga 'yan makarantar tsakiya da ke tsakanin firamare da sakandare, 60 ga 'yan sakandare. Shirin Head Start na yara 'yan ƙasa da shekara biyar yana da ƙa'idar tarayya ta awa ɗaya, sai in babu wata gajeriyar hanya mai aminci. Ko Kotun Ƙoli, lokacin da ta halatta jigilar ɗalibai don kawar da wariya a shari'ar Charlotte ta jiharku a 1971, ta yarda cewa tafiya na iya yin tsawon da zai cutar da lafiyar yaro ko karatunsa, kuma shekarun yaro ne babban abin dubawa. Waɗannan ba za su tilasta wa gundumarka ba, amma suna ba ka abin kafa hujja.

Yanzu ga yadda minti goma sha biyar ke zama saba'in. Babbar bas mai ruwan ɗorawa tana da kujeru kamar 24, ana lissafa ƙananan yara uku-uku, wato 72. Mai tsara hanya yana son ya cika ta, domin kowace ƙarin bas na nufin ƙarin direba, direbobi kuwa sun yi ƙaranci. Aikin na buƙatar lasisin manyan motoci da izini na musamman na ɗaukar fasinja da na ɗalibai, ga shi awoyi ne kaɗan safe da yamma. Mu ɗauka zagayen mil 16 ne a cikin unguwanni, bas na tafiyar mil 20 a awa: minti 48 ke nan. Matsaya 18, kowace minti ɗaya tsakanin kunna fitilu, buɗe ƙofa da jiran yara su zauna: minti 18. Ƙara tsayawar dole a kowane layin dogo da layin sauke yara a ƙofar makaranta, ka kai 70. Wanda aka fara ɗauka shi ke shan duka. Sannan bas ɗaya kan yi zagaye biyu ko uku a jere, firamare, sakandare, sannan 'yan tsakiya, don haka ana tura zagayen farko can da sassafe domin na baya su samu lokaci.

Da zarar ka gane haka za ka ga abin da ya fi sauƙin canzawa shi ne matsaya da jerin ɗauka, ba iyaka ba. Ka yi kwana goma na makaranta kana rubuta lokacin da bas ta iso da lokacin da ta sauke shi da yamma. Gundumomi da yawa suna da manhajar waya mai nuna inda bas take. Ɗauki hoton allon. Makonni biyun farko na shekara ba ma'auni ba ne, hanyoyi ba su daidaita ba tukuna. Sai ka nemi rubutacciyar ƙa'idar sufuri ta gundumar, yawanci tana shafin hukuma; wasu sun rubuta cewa burinsu kada zaman ya wuce minti 45 ko 60.

Daga nan ka rubuta wa ofishin sufuri, ba direba ba kuma ba malamar aji ba, domin ba su da ikon taɓa hanya. Ka aika ta imel, ka sa shugaban makaranta a kwafi. Rubuta sunan yaro, ajinsa, lambar bas, matsaya, da lokutan da ka tara. Kada ka tsaya a kan kuka, ka nemi abu takamaimai. Na farko, a mayar da shi wata matsaya da ke ƙarshen zagayen. Sau da yawa bas na ɗaukar yaro ta zaga unguwanni ta dawo ta wuce kusa da gidansu bayan minti arba'in, kuma tafiyar minti bakwai a ƙafa zuwa wancan titin na iya rage rabin zaman. Na biyu, in akwai wata bas ta makarantar da ke wucewa kusa, a sauya masa. Na uku, a juya jerin yamma ta yadda wanda aka fara ɗauka da safe shi za a fara saukewa. In an ƙi, ka nemi a rubuta maka dalili da hanyar ɗaukaka ƙara. Daga daraktan sufuri sai shugaban gunduma, daga shi sai hukuma. In Turanci na ba ka wuya, nemi tafinta, gundumomi da yawa na bayarwa kyauta.

Kada ka riƙa bin bas da mota kana tsayar da ita a inda ba matsaya ba. Direba ba zai buɗe ƙofa ba, kuma haɗari ne. In za ka iya, kai shi da kanka da safe ya dawo a bas, amma ka tambaya ko akwai ƙa'idar cire sunan yaron da ya jima bai hau ba.

Tambaya: Yayana yana zaune a gunduma mai makarantu masu kyau, kusa da wurin aikina. Ya ce in yi amfani da adireshinsa. Akwai laifi?
Wani mai karatu, Pennsylvania

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma muna roƙonka ka bar wannan shawara. Zumunci ne ya sa yayanka ya yi tayin, amma shi ma za ka jefa shi ciki, domin zai sa hannu a takardar rantsuwa. Gundumomin da ake rububinsu suna bincike: suna neman takardar haya da ta wutar lantarki, suna aika wasiƙa su ga ko za ta dawo, wasu har masu bincike suke ɗauka su tsaya da sassafe su ga daga wane gida yaro ke fitowa. Ɗan shekara shida kuwa in aka tambaye shi inda yake kwana, gaskiya zai faɗa. Mafi sauƙin sakamako shi ne a cire yaro a tsakiyar shekara. Na gaba, a nemi ka biya kuɗin karatun da ya yi. A 2011, a Akron ta jihar Ohio, wata uwa da ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta kwana tara a kurkuku, bayan gundumar ta nemi kimanin dala 30,000. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, hukuncin kotu kan takardar ƙarya na iya shafar takardun zamansa.

In da gaske kun koma gidan yayan naka da zama, wannan halal ne. Akwai fom na masu zama a gidan wani, mai gida ya sa hannu. In kuma rasa muhalli ne ko matsin tattalin arziki ya sa kuka raɓa a gidansa, dokar McKinney-Vento ta 1987 ta ba yaro damar shiga makaranta nan take ko takardu ba su cika ba, ko ya ci gaba da tsohuwar makarantarsa a ba shi mota. Kowace gunduma tana da jami'in wannan doka. Sannan tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardun shigowarsa ƙasar. Shaidar adireshi daban, takardun zama daban.

Tambaya: 'Yata mai shekara bakwai tana da sikila. Tana jiran bas a waje cikin sanyi, kuma tafiyar na da tsawo. Ta yaya zan nemi a sassauta mata?
Wata uwa, birnin New York

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Hajiya. Nan doka tana tare da ke sosai. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, dogon zama a bas kuwa na haɗa su biyun: yaro ya tsaya a waje, sannan ya ƙi shan ruwa don gudun fitsari.

Hanya biyu ce. In yarinya tana da tsarin karatu na masu buƙata ta musamman, wato IEP, sufuri na cikin hidimomin da ake rubutawa a cikinsa. In ba ta da shi, sai sashe na 504 na dokar kare masu lalura ta 1973, wanda ya shafi ciwo mai ɗorewa irin wannan ko da karatunta lafiya lau yake. Ki nemi fom na buƙatar lafiya a makaranta, likitanta na jini ya cika. A nan ake yawan kuskure: likita ya rubuta sunan ciwo kawai, sai a ƙi. Ya kamata ya rubuta abin da ake nema da dalilinsa: a ɗauke ta a ƙofar gida, a taƙaita zamanta zuwa minti kaza, motar ta kasance mai na'urar ɗumi da ta sanyaya, a bar ta da gorar ruwa. A birninku ma'aunin motocin masu buƙata ta musamman shi ne minti 90 a cikin yanki ɗaya kamar Bronx, 115 in za a ƙetara wani yankin, don haka in ba a rubuta mata taƙaitaccen lokaci ba, da wannan za a auna ta. Ki miƙa takardun tun kafin hutun ƙarshen shekara domin a sa ta a tsarin Satumba, kuma ki riƙe kwafin komai.

Tambaya: Ɗana ɗan kindagatin yana amai a bas, sau biyu ya yi fitsari a wando, kuma yana dawowa yana barci. Ina tsoron wata rana a manta da shi a ciki.
Wata uwa, Minnesota

Amsa: Malama, mu fara da barcin domin shi ne tushe. Likitocin barci sun ce ɗan shekara uku zuwa biyar na buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana, ɗan shida zuwa sha biyu kuma awa 9 zuwa 12. Ki yi lissafi da baya. In bas 6:35 take zuwa, zai tashi 5:50, don haka ya kamata 7:50 na dare ta same shi yana barci, ba yana shirin kwanciya ba. A gidajenmu wannan na karo da Islamiyyar yamma, da jiran maigida a ci tuwo tare, da Isha'in da ke kaiwa bayan goma na dare a watan Mayu a jiharku. Ga ɗan shekara biyar, a mayar da karatun allo Asabar da Lahadi, a ba shi abincinsa da wuri.

Aman kuwa na mota ne, kuma ya fi kama yara daga shekara biyu zuwa sha biyu. Bayan bas ya fi jijjiga. Ki nemi a ba shi kujera a layi uku na farko, ya riƙa kallon gaba, ban da littafi ko waya. Karin kumallo mara maiƙo, rabin awa kafin fita: burodi ko ɗan koko sun fi ƙosai da soyayyen ƙwai. Kada ya fita da ciki wayam, wannan ma na kawo tashin zuciya. Jaka mai kauri ta sanyi a cikin bas mai ɗumi tana ƙara abin, ki koya masa zuge zif in ya zauna. Ki sa masa leda a aljihun jaka. Kada ki ba shi maganin hana amai sai da izinin likita, yawancinsu na sa barci. Abin ci a cikin bas yawancin gundumomi sun hana, saboda shaƙewa da yara masu borin gyaɗa.

Fitsari: ki roƙi malamarsa a rubuce ta tura shi ban ɗaki minti goma kafin tashi, kowace rana, ba sai ya nema ba. Ki sa wando na canji a jaka, kuma kada a yi masa faɗa.

Tsoronki na ƙarshe ba na banza ba ne. Ƙaramin yaro in ya kwanta, dogon bayan kujera na ɓoye shi daga madubin direba. Wajibi ne direba ya taka har ƙarshen bas bayan kowane zagaye. Kalifoniya ta yi doka a 2016 cewa a sa ƙararrawa da ba ta mutuwa sai direba ya je baya ya danna. Ki tambaya ko motocinku na da ita. Ki gaya wa direba da bakinki cewa yaron na barci, ki liƙa masa kati a jaka mai sunansa, lambar bas, matsaya da lambar wayarki. In bas ta tsaya bai sauko ba, kada ki bari ta tashi. Ki tsaya a matsaya minti biyar kafin lokaci, domin wurare da yawa ba sa sauke ɗan kindagatin in babu babba, makaranta suke mayar da shi. Sannan ki koya masa cewa haɗarin bas ya fi yawa a wajenta, cikin ƙafa goma kewaye da ita: in abu ya faɗi kusa da taya kada ya sunkuya, ya gaya wa direba.

Tambaya: An aiko mana takarda cewa za a sake zana shiyyoyi, za a mayar da unguwarmu wata makaranta mai nisa daga baɗi. An gama magana ke nan?
Wani uba, Maryland

Amsa: In takardar ta ce shawara ce, ba a gama ba, Alhaji. Yawanci ma'aikata kan fitar da taswira biyu ko uku, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan hukuma ta kaɗa ƙuri'a. Sai ka yi rajistar magana tun kafin ranar, kuma minti biyu ko uku ake ba kowa. Ba sai kana da katin zaɓe ba.

Unguwannin 'yan haya da baƙi su aka fi sauƙin turawa nesa, saboda su ne ba sa zuwa zaman. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku tara iyaye goma daga masallaci da maƙwabta, ku raba batutuwa kada kowa ya maimaita na wani. Ɗaya ya nemi a faɗi lokacin ɗauka da tsawon zama na 'yan kindagatin a kowace taswira, domin sau da yawa nisa kawai ake nunawa. Ɗaya ya kawo adadin yaran da yanzu ke tafiya a ƙafa waɗanda za su koma bas, da kuɗin ƙarin motocin. Ɗaya ya yi maganar iyayen da ba su da mota, yadda za su ɗauko yaro in ya kamu da zazzaɓi da rana. In kun ga taswirar za ta wuce, ku nemi a bar waɗanda suka riga suka fara su ƙarasa a tsohuwar makaranta tare da ƙannensu, kuma a rubuta ko za a ci gaba da ba su mota. Sau da yawa ana ba da izinin zama a janye motar.

Wannan duk kan shiyya ne. Sauya iyakar gunduma kanta aiki ne na shekaru. A Kalifoniya, misali, ɗaya daga cikin hanyoyin shigar da buƙatar shi ne kashi 25 cikin 100 na masu rajistar zaɓe a yankin su sa hannu.

Tambaya: Mu nan ba mu da wannan iyaka, amma 'yata 'yar nazare tana barin gida 5:45 daga Mararaba zuwa wata makarantar kuɗi a cikin Abuja. Me za ku ce?
Wata uwa, Mararaba

Amsa: Hajiya, ke kika zaɓi makarantar, don haka gyaran ma yana hannunki fiye da na 'yan'uwanmu na sama. Mun san sunan makaranta na jan iyaye, amma abin da 'yar shekara huɗu za ta koya a can bai kai barcin da take rasawa a cunkoson Nyanya ba. Ki nemi mai kyau a kusa, ki ajiye ta nesa sai ta girma.

In dole ce ta sa, ki je ki ga motar da idonki da safe, ba a hoton talla ba. Ƙirga kujeru ki ƙirga yara. Hiace mai kujera 14 ko 18 ba ta zama ta yara talatin don suna ƙanana. Dole a samu babbar mace a baya ban da direba, da rajistar da ake kiran suna a hawa da sauka, safe da yamma, kuma wani ya leƙa ƙarƙashin kujeru kafin a kulle mota, domin zafin rana a rufaffiyar mota na kashe yaro. Ƙofa ta riƙa buɗewa ta gefen da ba titi ba. Ki karɓi lambar direba da ta mai kula da yaran, ki tambayi ta nawa ce 'yarki a jerin ɗauka. In ita ce ta farko, ki haɗu da iyaye uku ko huɗu na layinku ku nemi matsaya ɗaya a bakin babban titi, maimakon motar ta bi gida-gida cikin lunguna.